AGAJI A YOLA: YANZU SAI DA SUNA A CIKIN NA'URA

Ran Talata 17 ga watan Nuwamba na 2015, wajen ƙarfe 8 na dare, bam ya tashi a Jimeta, kusa da tashar manyan motoci da kasuwar 'yan gwari, daidai lokacin da jama'a suke haramar tashi daga kasuwa. Mutum fiye da 30 suka rasu, wajen 80 kuma suka yi rauni. Kafin a gama kwashe gawawwaki labari ya riga ya iso Kurmi. A daren nan duk mutumin Adamawa da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, bai runtsa ba. Sai buga waya gida ake yi, wani ya dace a ɗauka, wani kuwa wayar ta yi ta ƙara babu amsa, hankalinsa ya daɗa tashi.

Ana cikin wannan hali ne kamfanin Facebook ya buɗe wa mutanen Yola wata ƙofa a shafinsa, inda mutum zai latsa ya shaida wa dangi da abokai, ko'ina suke, cewa yana nan lafiya. Kwana 4 kafin nan kamfanin ya buɗe wa mutanen birnin Paris na Faransa irin wannan ƙofa sa'ad da aka kai musu hari, ya kuwa sha suka ƙwarai don bai yi wa mutanen Beirut haka ba, alhali su ma an kashe musu mutane kwana ɗaya kafin na Paris. To, daga Paris sai Yola.

Abin ya amfani masu babbar waya da masu ilmin boko. Amma fa ɗan dako da mai sayar da tumatir da yaron mota, watau irin mutanen da suka fi yawa a inda abin ya auku, galibinsu ba su da shafi a Facebook balle su latsa wani abu. Neman irin waɗannan sai da ƙafa, daga wannan asibiti zuwa wancan.

Abin da aka gani a wannan dare shi ne aka yi ta gani a shekarun da suka biyo baya. Ƙungiyoyin agaji, na gida da na waje, sun mai da waya da kwamfuta kayan aikinsu na kullum a Jihar Adamawa. Agaji ya ƙara sauri, sata ta ragu, har an kai ga ba manomi kuɗi tun ruwa bai ci gonarsa ba. Sai dai duk wannan alheri yana isa ne ga wanda sunansa ya shiga na'ura. Wanda bai shiga ba kuwa, ko da ya fi kowa yunwa, ba a san da zamansa ba.

LOKACIN DA YOLA TA CIKA TA BATSE

Ga wanda bai san wurin ba, Yola gari biyu ne a haɗe. Akwai Yola ta cikin gari inda fadar Lamiɗo take, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda ofisoshin gwamnati da babbar kasuwa suke. A watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Gulak da Michika, ran 29 ga Oktoba kuma suka shiga Mubi, gari na biyu wajen girma a jihar, mai nisan wajen kilomita 200 daga Yola. Jama'a suka watse, waɗansu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, waɗansu a ƙafa, waɗansu a bayan tirela da a-kori-kura, akasarinsu Yola suka nufa. An ƙiyasta cewa mutum wajen 400,000 suka kwararo, har yawan mutanen garin ya ninka.

Gwamnati ta buɗe sansani a Damare, inda ake horar da masu yi wa ƙasa hidima, da kuma Malkohi, daga baya aka ƙara da na Fufore. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe wa dubban mutane harabar majami'ar St. Theresa ta Jimeta. Amma mafi yawan 'yan gudun hijiran nan ba su taɓa kwana a sansani ba. Gidajen 'yan'uwa da surukai da abokan ciniki suka sauka, har aka riƙa samun mai ƙaramin albashi yana ɗauke da baƙi 30 ko 40 a gidansa.

Waɗanda suka fara tallafa wa irin waɗannan gidaje su ne Jami'ar Amurka ta Nijeriya, watau AUN, da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa da ake kira API, wadda jami'ar ta kafa a watan Janairu na 2012 tare da shugabannin Musulmi da na Kirista, a zamanin shugabancin Dakta Margee Ensign. Dabararsu ba ta da wuya. Limamai da fastoci da shugabannin mata su ne suka san wanda ya sauka a gidan wane, saboda haka su suke kawo sunaye, sa'an nan a tara jama'a a raba masara da shinkafa da wake da mai. Ta wannan hanya jami'ar ta ce an ciyar da mutum 276,000. Ashe dai tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Duk da haka, sunan da aka rubuta da hannu a takarda yana da iyakarsa. Wani sunansa zai fito a wurin liman, ya fito a wurin mai unguwa, ya sake fitowa a wurin wata ƙungiya, ya karɓi kaso uku. Wata tsohuwa kuwa da ba ta da kowa ba za ta fito ko'ina ba. Masu ba da kuɗi daga ƙasashen waje su kuma tambayarsu ɗaya ce: mutum nawa ne, kuma ina suke? Neman amsar wannan tambaya shi ya shigo da na'ura cikin aikin.

ƘIDAYA DA ZANEN YATSA

Tun daga ƙarshen 2014 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, watau IOM, ta haɗa kai da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi, da kuma Red Cross ta Nijeriya, suka shiga ƙidayar 'yan gudun hijira unguwa unguwa, suna sabunta ƙidayar bayan 'yan watanni. A zagayen watan Fabrairu na 2015 an sami mutum fiye da miliyan 1 a jihohi 6 na Arewa maso Gabas, fiye da 200,000 daga cikinsu a Adamawa. Babban abin da ƙidayar ta tona shi ne, kusan mutum 9 cikin kowane 10 suna zaune ne a cikin gari tare da masu masaukinsu, alhali kuwa motocin abinci da masu ɗaukar hoto sansani suka fi zuwa.

Yadda ake aikin a yanzu, ma'aikaci yakan shiga gida riƙe da waya ko ƙaramar kwamfuta ta hannu. Tambayoyin suna ciki: sunan mai gida, garin da aka baro, yawan yara, ko akwai mai ciki, ko mai shayarwa, ko gurgu. Wayar da kanta take ɗaukar daidai inda gidan yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Ƙungiyoyi da yawa suna amfani da wata manhaja da aka raya a Jami'ar Harvard ta Amurka, sunanta Kobo, ko da yake ba ta haɗa dangi da kwabon aljihu ba. Amfaninta shi ne tana aiki ko babu sabis. In ma'aikaci ya dawo inda akwai intanet da yamma, sai ya tura duk abin da ya tara, gobe da safe ofis ya gan shi a jere. Aikin da a da akawu zai yi makonni yana kwafewa, yanzu kwana ɗaya ne.

Daga nan aka ƙara da ɗaukar zanen yatsa. Kowane mutumin gida zai ɗora yatsunsa a kan wani ɗan gilashi, na'ura ta adana, a ba mai gida kati. Ranar rabo sai ya sake ɗora yatsa kafin a miƙa masa kaya. Wanda ya yi rajista a Malkohi ya koma Damare zai sake yi da wani suna, na'ura za ta gane shi. Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni na 2017 fadar shugaban ƙasa da bakinta ta ambaci rahoton cewa a cikin kowace mota 100 ta hatsi da ake aikawa Arewa maso Gabas, fiye da 50 ba sa isa wurin waɗanda aka yi dominsu.

To amma gyara bai rasa ɓarnarsa ba. Manomin da ya yi shekara 40 yana riƙe da fartanya, da matar da ta tsufa tana surfe da wankau, sau da yawa zanen yatsunsu ya goge, na'ura ta yi ta ƙin karɓa. Wanda ranar rajista ta same shi ya tafi ƙwadago a gonar wani, ko ya tafi jinya, sai ya jira wani zagaye, watakila bayan watanni. In kuma katin gida yana da sunan miji, shi kuwa ya tafi ci-rani Ikko, to mata da yara sai sun bi ofis suna neman a sauya suna kafin su ci rabonsu.

BUHU YA KOMA KATI

Canji na biyu shi ne na abin da ake bayarwa. Maimakon a ɗauko buhu daga nesa, a biya mota, a biya sito, a biya 'yan dako, sai ƙungiyoyi suka fara ba mutane kuɗin su sayi abin da suke bukata. Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta fara aika wa 'yan gudun hijira kuɗi ta wayar hannu a Maiduguri a 2016, aikinta kuma ya kai ga ƙananan hukumomin Madagali da Michika a Adamawa. Hanya biyu aka fi bi. Ko dai a tura kuɗi a layin mutum ya je wurin wakilin banki ya cira, ko kuma a ba shi kati mai ɗauke da adadin kuɗi, ya je shagon ɗan kasuwar da aka yi yarjejeniya da shi, a sa katin a na'ura, ya zaɓi gero ko wake ko manja, a cire daidai kuɗin abin da ya ɗauka.

Wannan hanya ta rage tsayuwar rana a layi, ta kuma rufa wa mutane asiri, domin mai kati yana shiga shago ne kamar kowane mai ciniki. Matar da ɗanta ba shi da lafiya tana iya sayen magani in kuɗi ne a hannunta, abin da buhun masara ba zai yi mata ba sai ta sayar da shi da araha. Ɗan kasuwar gari shi ma ya samu, tun da kuɗin a kasuwar garin yake zagayawa. Akwai kuma maganar tsaro. A watan Satumba na 2019 sojoji sun rufe ofisoshin ƙungiyar Mercy Corps a Borno da Yobe bayan an tare wata mota ɗauke da tsabar kuɗi Naira miliyan 29, sai bayan makonni aka bari ta koma aiki. Kuɗin da ya bi ta waya ba ya bukatar mota, kuma kowane kwabo yana barin sawu.

Amma a nan ma akwai inda gizo yake saƙa. Kuɗin waya yana bukatar layi, layi yana bukatar rajista, rajista kuma tun daga watan Disamba na 2020 tana bukatar lambar zama ɗan ƙasa, watau NIN. Mutumin da ya fito daga Gulak da rigar jikinsa kaɗai, takardunsa suka ƙone tare da gidansa, shi ne ya fi kowa shan wuya wajen cika waɗannan sharuɗɗa. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba dole ta miƙa wa wani yaro wayarta, ta gaya masa lambar sirrinta. In yaron mai tsoron Allah ne ta sami kuɗinta cif, in ba haka ba sai abin da ya ga dama. A farkon 2023 kuma, sa'ad da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a ƙasa baki ɗaya, mai kuɗi a waya ya ga cewa sai ya bar wa mai POS kaso mai tsoka kafin ya riƙe nasa a hannu.

NEMAN WAƊANDA SUKA ƁACE

Ba abinci kaɗai mai gudun hijira yake nema ba. A ranar gudu uwa ta bi wannan hanya, ɗa ya bi waccan, shi ke nan rabuwa. Ran 2 ga watan Mayu na 2015 aka kawo mata da yara 275 da sojoji suka ceto daga dajin Sambisa zuwa sansanin Malkohi, da yawa daga cikinsu ba su san inda sauran danginsu suke ba. Wannan aiki na haɗa dangi yana hannun ƙungiyar Red Cross ta duniya, ICRC, da Red Cross ta Nijeriya. Sukan ba mutum waya ya kira kyauta in yana tuna wata lamba. In ba ya tunawa, sai a rubuta sunan wanda ya ɓace, da sunan uwa da uba, da garinsu, da inda aka yi masa ganin ƙarshe, a zuba a rumbun kwamfuta. Ma'aikacin da ke Yola zai iya gwada wannan suna da sunayen yaran da aka yi wa rajista a Maiduguri, ko a sansanin Minawao na Kamaru, ko a Diffa ta Nijar, ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba.

A 2019 ICRC ta bayyana cewa tana riƙe da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta a lokacin, kuma wajen kashi 60 cikin 100 yara ne sa'ad da suka ɓace. Wannan adadi na waɗanda aka kai rahotonsu ne kawai. Iyalin da ba su je sun faɗa ba, ba wanda yake nema musu nasu.

Rumbun sunaye kuwa dukiya ce, dukiya kuma ba ta rasa ɓarawo. A watan Janairu na 2022 ICRC ta sanar da duniya cewa waɗansu sun kutsa cikin kwamfutocin da take ajiye bayanan haɗa dangi, sun kai ga bayanan mutum fiye da 515,000 na ƙasashe dabam dabam, har sai da ta rufe tsarin na wani lokaci. Ga wanda ya tsere wa masu bindiga, sunansa da hotonsa da inda yake kwana ba ƙaramin sirri ba ne.

MAKARANTA A CIKIN AKWATIN REDIYO

Gudun hijira ya raba dubban yara da makaranta, ga kuma almajirai da marayu da dama can ba su shiga aji ba. A 2015 jami'ar AUN, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fara wani shiri mai suna TELA don koya wa irin waɗannan yara karatu da lissafi. Abin sha'awa shi ne ginshiƙin shirin tsohuwar na'ura ce da kowa ya saba da ita, watau rediyo. An shirya darussan a matsayin wasan kwaikwayo da waƙoƙi, ana watsa su ta gidan rediyon Gotel na Yola. Yara sukan taru a zaure ko a gindin itace, wani babba daga unguwar yana riƙe da rediyo yana bi da su cikin littafin aiki. Lokaci lokaci kuma a kawo musu ƙananan kwamfutocin hannu su gwada abin da suka ji. Yara wajen 22,000 shirin ya kai gare su, jarrabawar da aka yi musu kafin a fara da bayan an gama ta nuna sun ci gaba sosai.

Darasin da ke cikin wannan bai tsaya a kan yara ba. Rediyo ba ya tambayar NIN, ba ya bukatar sabis, batir biyu sun ishe shi. Kuma ko shi ɗin bai yi aiki shi kaɗai ba, sai da aka sami mutumin unguwa da iyaye suka yarda su ba shi 'ya'yansu.

KUƊI TUN RUWA BAI ZO BA

Bayan masu bindiga, babban abokin gaban mutanen wannan yanki shi ne ambaliya. Kogin Binuwai daga Kamaru yake fitowa, kuma a can akwai madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama ginawa a 1982. In ta cika aka saki ruwa, ƙauyukan Fufore ne suke fara gani kafin ya iso Jimeta, ya wuce Numan. An shirya Nijeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa don ta tare wannan ruwa, amma shekara 40 bayan haka, sa'ad da ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, ba a gina ta ba.

A wannan shekara ta 2022 ƙungiyar IRC, wadda take aiki a Adamawa tun 2014, ta gwada wata dabara a ƙauyuka 6 na ƙaramar hukumar Fufore, da tallafin sashen taimako na kamfanin Google. Ta haɗa awon tsayin kogi, da hasashen ruwan sama na hukumomin gwamnati, da hotunan tauraron ɗan'adam, da kuma alamomin da manoman wurin suka gada daga kakanni, duk a cikin tsari ɗaya a kwamfuta. Aka sa wani ma'auni, aka ce in alamun suka kai nan, to a saki kuɗi ba tare da jiran ruwa ba. An zaɓi gidaje 1,450, aka raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida 725 suka karɓi Naira 195,000 kowanne a ƙarshen watan Yuli, tun kogi bai yi ambaliya ba. Sauran 725 suka karɓi daidai wannan adadi a watan Nuwamba, bayan ruwa ya yi ɓarnarsa, kamar yadda aka saba.

Masu binciken cibiyar IFPRI da suka bi sawun gidajen sun gano cewa waɗanda suka sami kuɗin da wuri sun fi ɗaukar matakin kare kai, kamar girbi da wuri, da tanadin abinci, da kwashe iyali da kaya zuwa tudu. Sun fi sa kuɗi a abin da zai kawo musu riba nan gaba, kuma ba su kai sauran shiga halin ƙunci irin na cin bashi da rage cin abinci ba. Kuɗin ɗaya ne, lokacin bayarwa ne ya bambanta. A 2024 aka faɗaɗa wannan dabara, ƙungiyar GiveDirectly ta yi irinta a Jihar Kogi, inda Binuwai yake haɗuwa da Kwara, tana dogara da hasashen ambaliya na Google. Rigakafi dai ya fi magani.

INDA NA'URA TAKE TSAYAWA

Kada mai karatu ya zaci an gama da matsala. Da asubahin Lahadi 27 ga watan Yuli na 2025, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta afka wa unguwannin Yola ta Kudu, irin su Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate, mutane suna barci. Fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. Ruwa irin wannan na sa'o'i kaɗan ne, ba ya ba da sararin da kogi yake bayarwa, kuma babu hasashen da zai maye gurbin magudanar ruwa da aka toshe ko aka yi gini a kanta.

Sabis ɗin waya shi ma ba abin dogaro ba ne a lokacin yaƙi. A 2012 'yan Boko Haram sun bi turakun kamfanonin waya suna ƙonawa. A watan Mayu na 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, sojoji da kansu suka sa aka katse layukan waya, mutanen Adamawa ba su sake samu ba sai a watan Yuli. Mazauna Kurmi da yawa ba su manta da waɗannan makonni ba, lokacin da jin labarin gida sai ta bakin direban mota.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, ta kuma rushe hukumar USAID a cikin shekarar. A watan Yuli na 2025 WFP ta yi gargaɗin cewa abincin da take ba mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas yana gab da yankewa don rashin kuɗi. Katin da ba a zuba masa kome ba, roba ce kawai a aljihu.

ABIN DA YA RAGE GA NA KURMI

Mutumin Adamawa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Anacha yana da rawar da zai taka, domin sau da yawa shi ne mai ido a cikin danginsa. Abu na farko, ya tabbata iyayensa da matarsa da ke gida suna da lambar NIN, kuma layin wayar da suke riƙe da shi da sunansu aka yi masa rajista, ba da sunan wani maƙwabci ko ɗan da ya bar gari ba. In za a yi rajistar gida alhali shi yana Kurmi, ya fi kyau a sa sunan wanda yake zaune a gidan.

Na biyu, ya ja musu kunne a kan lambar sirri. Ba a biyan ko kwabo don a shiga rajistar agaji, kuma ma'aikacin ƙwarai ba zai bugo waya yana tambayar lambar sirri ko lambar BVN ba. Duk wanda ya yi haka ɗan damfara ne. Wanda aka tsallake sunansa, ko aka rage masa kaso, ya kai kuka teburin ƙorafi da ƙungiyoyin suke ajiyewa a wurin rabo, ko wurin mai unguwa, ko ofishin hukumar agajin gaggawa ta jihar, ADSEMA.

Na uku, iyalin da har yanzu suke da wanda ya ɓace tun lokacin gudu, su je ofishin Red Cross mafi kusa su ba da sunansa, ko a Kurmi suke. Kyauta ne, kuma an sha haɗa uwa da ɗa bayan shekaru.

Na huɗu, in damina ta yi nisa aka ji sanarwar za a saki ruwan Lagdo, wanda yake birni yakan riga na ƙauye ji. Ya buga waya gida a ranar, in da hali ya haɗa da ɗan abin da za a biya kwalekwale ko a ɗauki masu girbi. Abin da binciken Fufore ya nuna ke nan: Naira ɗaya kafin ruwa ta fi Naira ɗaya bayan ruwa amfani. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a Agege da Mile 12 da Shagamu suna iya yin wannan tanadi tun watan Yuli, maimakon su jira sai an fara karɓar gudunmawar jaje.

Allah ya kiyaye mu da gudu, ya kiyaye mu da ruwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.